BABI NA UKU: TARIHIN BINCIKE A KAN GADO DA ASALIN LALURAR ƘARANCIN NATSUWA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda masana suka yi ta ƙoƙarin gano asalin lalurar ƙarancin natsuwa, wadda likitoci suka fi sani da taƙaitaccen sunanta na ADHD. Za a fara daga bayanan likitocin Turai na ƙarni na 18, a gangaro zuwa binciken iyalai da na tagwaye, sannan a dubi ra'ayin da ke cewa ɗabi'un da ake kira lalura a yau sun taɓa yi wa ɗan Adam amfani a zamanin da yake rayuwar farauta da yawon neman abinci. Manufar babin ita ce a bambance abin da bincike ya tabbatar da abin da har yanzu hasashe ne, domin kuwa amsar da aka bayar game da asalin lalurar ita ke nuna wanda za a ɗora wa laifi, ko yaron, ko iyayensa, ko kuma babu mai laifi.

3.1 Ma'anar Lalurar

Lalurar ƙarancin natsuwa yanayi ne da ke bayyana tun ƙuruciya, kuma alamominta sun kasu gida uku. Na farko shi ne kasa tattara hankali wuri ɗaya, ta yadda yaro zai fara aiki ya bar shi, ko ya riƙa mantuwa da yar da kayansa. Na biyu shi ne yawan motsi da ƙiriniya. Na uku kuwa shi ne gaggawa, wato aikata abu kafin a yi tunanin abin da zai biyo baya. Kowane yaro yana da ɗan rabonsa na waɗannan halaye, saboda haka likitoci ba sa kiran su lalura sai sun wuce na tsararrakinsa, sun daɗe, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma sun kawo cikas ga karatu ko zamantakewa. Polanczyk da abokan aikinsa (2007) sun tattara binciken ƙasashe da dama, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran duniya ne ke da ita.

3.2 Bayanan Farko: 1775 zuwa 1902

Bayani mafi daɗewa da aka fi ambata shi ne na likitan Jamus Melchior Adam Weikard, wanda a 1775 ya keɓe wani sashe na littafinsa na likitanci ga matsalar rashin mayar da hankali. Bayansa sai likitan Sikotlan Alexander Crichton, wanda a 1798 ya bayyana mutanen da kowane ɗan motsi ko ƙara ke ɗauke musu hankali. Abin lura a bayanin Crichton shi ne ya nuna cewa ana iya haihuwar mutum da wannan hali, kuma yakan ragu yayin da shekaru suka ja. Ke nan tun farkon tafiya an fara zargin cewa abin a jini yake, ko da yake a lokacin babu hanyar gwada hakan.

A 1845 likitan Frankfurt Heinrich Hoffmann ya fitar da littafin yara mai suna Struwwelpeter. A cikin labaran da littafin ya shahara da su akwai na wani yaro da ya ƙi zama lafiya a kan kujera lokacin cin abinci, har ya faɗi ya jawo mayafin tebur da kwanuka gaba ɗaya. Marubuta da yawa kan kawo wannan labari a tarihin lalurar, amma ya kamata a tuna cewa littafin na gargaɗi ne ga yara, ba rahoton asibiti ba ne.

Wanda aka fi danganta farkon nazarin kimiyya da shi shi ne George Frederic Still, likitan yara a Landan. A 1902 ya gabatar da laccoci uku a gaban ƙungiyar likitocin Ingila, aka buga su a mujallar Lancet. Ya yi bayanin yara 43 masu matsalar kame kai da mayar da hankali, waɗanda da yawa daga cikinsu ba su da wata tawaya ta basira, kuma maza sun fi mata yawa. Still ya kira abin naƙasar iya riƙe kai a kan kyakkyawar ɗabi'a. Wannan suna ya nuna tunanin zamaninsa, inda ake auna halin yaro da ma'aunin tarbiyya. Duk da haka bai ɗora laifin kacokan a kan iyaye ba, domin ya lura cewa wasu yaran sun tashi a gidaje masu kyakkyawar tarbiyya, kuma ya yi zargin akwai hannun gado a cikin lamarin.

3.3 Zamanin Zargin Rauni a Ƙwaƙwalwa

Daga 1917 zuwa ƙarshen shekarun 1920 an yi annobar wani ciwon kumburin ƙwaƙwalwa mai sa barci a Turai da Amurka. Da yawa daga yaran da suka tsira sun sauya hali, suka zama masu yawan motsi, marasa haƙuri, masu wuyar sarrafawa. Daga nan likitoci suka yi wani lissafi mai sauƙi: tun da raunin ƙwaƙwalwa yana haifar da waɗannan halaye, to duk yaron da aka gani da su yana da rauni a ƙwaƙwalwa ko da ba a gan shi ba. Littafin Strauss da Lehtinen na 1947 ya ƙarfafa wannan ra'ayi, har sunan "ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa" ya kafu. Kuskuren lissafin a fili yake, domin kasancewar wuta tana kawo hayaƙi bai sa kowace ƙura ta zama hayaƙi ba. Mafi yawan yaran ba su taɓa yin ciwon ba, ba su kuma taɓa buguwa a ka ba.

A tsakiyar wannan zamani ne aka yi gamo da wani abu da ya zama jagora ga binciken gado daga baya. A 1937 Charles Bradley, likita a wani gidan kula da yara a jihar Rhode Island ta Amurka, ya ba yara 30 maganin Benzedrine, sai ya ga kusan rabinsu sun inganta ƙwarai a karatu, wasu kuma sun natsu. Abin mamaki ne a ce maganin da ke ƙara kuzari ya kwantar da yaro mai ƙiriniya. A 1944 aka harhaɗa wani maganin a kamfanin Ciba na Suwizalan, wanda ya shiga kasuwa a shekarun 1950 da sunan Ritalin. Daga baya aka gano cewa magungunan nan suna aiki ne ta hanyar ƙara yawan dofamin, wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke isar da saƙo da shi, a tsakanin jijiyoyin.

Sunan lalurar ma ya yi ta sauyawa a kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka, wato DSM. Bugun 1968 ya mayar da hankali ga yawan motsi. Bayan Virginia Douglas ta Jami'ar McGill a Kanada ta nuna a 1972 cewa kasa riƙe hankali da kasa dakatar da kai su ne ginshiƙin matsalar, sai bugun 1980 ya kawo sunan ADD. Bugun 1987 ya mayar da shi ADHD, na 1994 ya kasa shi gida uku, na 2013 kuma ya ɗaga shekarun fara bayyanar alamomi daga 7 zuwa 12. Wannan sauye-sauye yana da muhimmanci ga mai nazarin tarihi, domin yaran da aka ƙirga a bincike na 1975 ba lallai ne su zama irin waɗanda aka ƙirga a na 2015 ba.

3.4 Iyali, Riƙo da Tagwaye

Bahaushe na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai kamar ɗa da uba ba ta isa hujjar gado ba, domin ɗa yana gadon jinin uba, yana kuma tashi a gidansa yana kwaikwayonsa. Aikin masu bincike tun daga 1970 shi ne raba waɗannan biyun.

Matakin farko shi ne binciken iyalai. Morrison da Stewart (1971) da kuma Cantwell (1972) sun gano cewa iyaye da dangin yara masu lalurar sun fi sauran mutane yawan tarihin irin wannan hali a ƙuruciyarsu. Mataki na biyu shi ne binciken 'ya'yan riƙo, wanda waɗannan masana suka yi a 1973 da 1975. A nan an ga cewa iyayen da suka riƙi yaran ba tare da sun haife su ba ba su da yawan alamomin kamar iyayen da ke rainon 'ya'yan cikinsu. Wannan ya karkata hujja zuwa ga jini, ko da yake binciken yana da rauni, domin ba a samu damar nazarin ainihin iyayen 'ya'yan riƙon ba.

Mataki na uku, wanda ya fi ƙarfi, shi ne binciken tagwaye. Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda suka yi tarayya a kimanin rabi kamar sauran 'yan'uwa shaƙiƙai. Dukansu suna tashi gida ɗaya a lokaci ɗaya. Saboda haka idan tagwayen ƙwai ɗaya suka fi na ƙwai biyu kama da juna a wani hali, to bambancin ya fito ne daga gado. Goodman da Stevenson (1989) a Ingila da Levy da abokan aikinta (1997) a Ostareliya sun sami wannan sakamako. Faraone da abokan aikinsa (2005) sun haɗa binciken tagwaye 20 suka sami matsakaicin tasirin gado na kashi 76 cikin 100, sannan Faraone da Larsson (2019) suka haɗa 37 suka sami kashi 74.

Wajibi ne a fahimci ma'anar wannan adadi. Ba ya nufin kashi 74 na lalurar wani yaro daga iyayensa ta fito, ba ya kuma nufin ɗan mai lalurar dole ya same ta. Abin da yake nufi shi ne, a cikin al'ummar da aka nazarta, kimanin kashi uku cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali yana da nasaba da bambancin ƙwayoyin gadonsu. Saura kuwa ya haɗa da abubuwa kamar haihuwar bakwaini, da ƙarancin nauyi lokacin haihuwa, da shaƙar gubar dalma. A wurin da irin waɗannan abubuwa suka yi yawa, kamar ƙauyukan Zamfara da gubar dalma ta shafa a 2010, babu dalilin ɗauka cewa adadin zai zo daidai da na Suwidin ko Ostareliya.

3.5 Neman Ƙwayar Gado Guda

Da aka gamsu akwai gado, sai tambaya ta koma ga wace ƙwaya ce. Tun da magungunan suna aiki a kan dofamin, sai masu bincike suka nufi ƙwayoyin gadon da ke kula da shi. Cook da abokan aikinsa (1995) sun danganta lalurar da ƙwayar da ake kira DAT1. Amma wadda ta fi shahara ita ce DRD4, wadda Van Tol da abokan aikinsa suka gano a 1991, kuma tana kan kuromozom na 11. A cikinta akwai wani guntu da ke maimaita kansa, a wasu mutane sau 2, a mafi yawa sau 4, a wasu kuma sau 7. A 1996 ƙungiyoyi biyu, ta Ebstein a Isra'ila da ta Benjamin a Amurka, suka ba da rahoton cewa masu doguwar maimaitawa sun fi son sababbin abubuwa da kasada. A wannan shekara ce kuma LaHoste da abokan aikinsa suka nuna cewa nau'in mai maimaitawa 7 ya fi yawa a yara masu lalurar.

Jaridu sun yi ta yayata cewa an gano ƙwayar lalurar, amma binciken da ya biyo baya ya rage zafin murnar. Wasu sun sake samun dangantakar, wasu ba su samu ba. Da Gizer da abokan aikinsa (2009) suka haɗa sakamakon gaba ɗaya, sai aka ga nau'in yana ƙara yiwuwar samun lalurar da kimanin kashi ɗaya bisa uku kawai. Ma'ana, mafi yawan masu ɗauke da shi lafiyarsu ƙalau, kuma da yawa daga masu lalurar ba su da shi.

3.6 Ra'ayin Mafarauci da Manomi

Tabbatar gado ya haifar da wata tambaya. Idan hali yana cutar da mai shi, a ƙa'idar juyin halitta ya kamata ƙwayoyinsa su ragu daga zuriya zuwa zuriya. To me ya sa lalurar ta yi yawa haka? A 1993 marubucin Amurka Thom Hartmann, wanda ba likita ba ne, ya ba da amsar da ta yi farin jini. A ganinsa masu lalurar mafarauta ne da suka tsinci kansu a duniyar manoma. Mafarauci yana bukatar idonsa ya riƙa yawo, ya yanke shawara nan take, ya bi sawu da zarar ya gani. Manomi kuwa yana bukatar haƙuri da maimaita aiki ɗaya har kaka ta yi. Tun da noma bai wuce shekara 10,000 zuwa 12,000 da farawa ba, alhali ɗan Adam ya yi dubban ɗaruruwan shekaru yana farauta, to halin mafarauci bai gama ɓacewa ba. Jensen da abokan aikinsa (1997) sun shigar da makamancin wannan ra'ayi cikin mujallar likitoci, inda suka ce halayen shiri ne na ko-ta-kwana a muhalli mai haɗari.

Bincike uku ne aka fi kafa hujja da su. Chen da abokan aikinsa (1999) sun nazarci al'ummu 39 suka ga doguwar maimaitawar DRD4 ta fi yawa a waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura mai nisa, musamman 'yan asalin Kudancin Amurka. Ding da abokan aikinsa (2002) sun ce nau'in mai maimaitawa 7 sabo ne, ya ɓullo ne kimanin shekara 40,000 da suka wuce, kuma yaɗuwarsa ta yi saurin da ke nuna yana da wani amfani. Na uku shi ne binciken Eisenberg da abokan aikinsa (2008) a kan Ariaal, makiyayan arewacin Kenya, waɗanda wani sashe nasu ya bar yawon kiwo ya zauna wuri ɗaya yana noma. An gano cewa a cikin masu yawon kiwo, mazan da ke ɗauke da nau'in sun fi sauran ƙibar jiki da alamar ƙoshi, amma a cikin mazauna gari masu ɗauke da shi sun fi rama. Wato ƙwaya ɗaya ta zama riba a daji, ta zama asara a gari.

Duk da armashin waɗannan sakamako, akwai suka guda huɗu da ba za a kau da kai daga gare su ba. Na farko, babu ɗaya daga binciken uku da ya auna lalurar kanta, DRD4 kawai aka auna, kuma an riga an ga tasirinta kaɗan ne. Mutanen Ariaal da aka nazarta ma kimanin 150 ne, kuma makiyaya ne, ba mafarauta ba. Na biyu, idan ƙaramar ƙungiya ta ɓalle ta yi ƙaura, tana tafiya ne da ɗan abin da ya faɗo mata na ƙwayoyin gado, saboda haka wani nau'i na iya yawaita a zuriyarta bisa dace kawai. Na uku, Chang da abokan aikinsa (1996) sun nuna nau'in ya kai kashi 48 a nahiyar Amurka amma bai kai kashi 2 ba a gabashi da kudancin Asiya, alhali lalurar tana nan a Sin da Japan. Na huɗu, farauta kanta aikin haƙuri ce. Duk wanda ya san maharbi ya san yakan yi kwanto na sa'o'i ba motsi, kuma mai gaggawa shi ke korar nama.

3.7 Abin da Binciken Baya-bayan Nan ya Nuna

Daga shekarun 2000 aka sami damar duba dukkan ƙwayoyin gadon mutum a lokaci ɗaya, ba tare da an zaɓi wadda ake zargi ba. Ƙoƙarin Neale da abokan aikinsa (2010) bai gano komai tabbatacce ba saboda ƙarancin mutane. A wannan shekara Williams da abokan aikinsa suka nuna cewa manyan guntayen gado da suka ɓace ko suka ninku sun fi yawa a yara masu lalurar, kimanin kashi 14 idan aka kwatanta da kashi 7 a sauran. Sai a 2019 Demontis da abokan aikinta suka nazarci masu lalurar 20,183 da marasa ita 35,191, suka gano wurare 12. A 2023 suka faɗaɗa zuwa masu lalurar 38,691, wuraren suka kai 27, kuma suka ƙiyasta cewa ƙananan bambance-bambance sama da 7,000 ne ke da hannu. DRD4 ba ta fito a cikin wuraren ba. Ke nan lalurar ba ƙwaya ɗaya ke kawo ta ba, taruwar dubban ƙanana ce, waɗanda kowane mutum yana ɗauke da wani kaso nasu, kamar dai yadda tsawon jiki yake.

Wannan sakamako ya ba da damar gwada ra'ayin Hartmann kai tsaye. Esteller-Cucala da abokan aikinta (2020) sun kwatanta ƙwayoyin gadon mutanen yau da waɗanda aka ciro daga ƙasusuwan mutanen da, har da na Niyandatal. Sun gano cewa nau'o'in da ke da alaƙa da lalurar tsofaffi ne, kuma yawansu yana raguwa tun zamanin dutse, wato tun kafin a fara noma. Sakamakon bai rushe ra'ayin cewa halayen sun taɓa dacewa da wani tsohon muhalli ba, amma ya nuna ba noma ne ya fara juya musu baya ba. A ɗaya ɓangaren, Barack da abokan aikinsa (2024) sun sa mutane 457 wasan tsinkar 'ya'yan itace a kwamfuta, sai masu alamomin lalurar suka fi saurin barin bishiyar da ta fara ƙarewa, suka kuma fi tara 'ya'ya. Wannan ya nuna halin na iya amfani a wani yanayi, amma wasan kwamfuta ba shaida ba ce a kan abin da ya faru shekara 40,000 baya.

Akwai kuma giɓi babba. Mafi yawan mutanen da aka nazarta a manyan binciken nan 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, kuma daga cikinta ɗan Adam ya bazu. Ba don lalurar babu ita a nan ba ne, domin Adewuya da Famuyiwa (2007) sun same ta a kashi 8.7 na 'yan firamaren da suka nazarta a kudu maso yammacin Nijeriya. Tarihin asalin wani hali na ɗan Adam da aka rubuta ba tare da Afirka ba bai cika ba.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda bayanin asalin lalurar ya tashi daga naƙasar ɗabi'a a 1902, ya koma raunin ƙwaƙwalwa, sannan ya tsaya a kan gado. Abubuwa biyu sun tabbata: gado yana da babban tasiri, kuma ƙwayoyin da ke da hannu dubbai ne masu ƙaramin ƙarfi. Ra'ayin mafarauci da manomi kuwa ya yi amfani wajen cire wa yara da iyayensu kunya, amma hujjarsa ba ta kai ta binciken tagwaye ba. Haka kuma bai kamata daɗin ra'ayin ya rufe illar lalurar ba, domin Dalsgaard da abokan aikinsa (2015) sun nuna a Denmak cewa masu ita sun ninka sauran yawan mutuwar wuri, galibi ta hanyar haɗari. Abin da tarihin ya koyar shi ne yaron da ya kasa zama a aji ba lallai ne ya zama marar tarbiyya ba, kuma bulala ba ta sauya abin da aka haife shi da shi. Abin da ke iya sauyawa shi ne yadda gida da makaranta da asibiti suke tafiyar da shi.